Yadda ake koya wa dokin hawa aiki da ƙafafunsa na baya

Tambaya ɗaya masu dawaki suke ta maimaita mini, musamman matasan da suka sayi dokinsu na farko: me ya sa dokin wane idan ya zo jafi sai ya zame a kan kuturinsa kamar an shafa wa ƙasa mai, nawa kuwa sai na ja linzami da hannu biyu, ya ɗaga kai sama, ya buɗe baki, ya tsaya yana tuntuɓe? Wasu tambayarsu ta polo ce, dokinsu ba ya juyawa da wuri. Wasu kuma kilisa kawai suke yi, amma suna jin dokin ya yi musu nauyi a hannu kamar suna riƙe da guga cike da ruwa. Duk matsala ɗaya ce. Dokin bai iya ɗaukar kansa da ƙafafun baya ba.

Doki ko a tsaye yake a turke, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake, saboda kai da wuya. Sirdi da mahayi kuma kusa da kafaɗa suke zama, su ƙara wa gaba kaya. Alhali ƙarfin da yake tura doki daga cinyoyi da kuturi yake fitowa. Abin da ake nema shi ne ƙafar baya ta riƙa shiga can ƙarƙashin ciki, kuturi ya ɗan sauka, gadon baya ya ɗago, gaba ya yi sauƙi. Wannan aikin tsoka ne, tsoka kuwa sai an gina ta. Ka ware wata uku. Idan saura sati biyu Sallah ne kake karanta wannan, ka bari sai bayan hawa ka fara, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan aiki da inda kuɗi yake tafiya

Ragama mai kyau wadda ba ta cin hanci. Doguwar igiya mai laushi, mita 8. Bulala doguwa ta nuni, da ƙarama ta hannu. Linzamin Bature mai gaɓa a tsakiya, marar harshe, irin wanda ake samu wurin masu sayar da kayan polo. Sanduna huɗu zuwa shida masu tsawon mita 3, na itacen turare ko gora mai kauri, daga wurin 'yan katako. Fili mai laushi wanda bai gaza mita 20 faɗi da mita 40 tsawo ba.

A cikin waɗannan linzami ne kaɗai zai ɗan taɓa aljihunka, kuma sau ɗaya ake sayensa. Inda kuɗi yake tafiya da gaske wuri uku ne: likitan dabbobi a farko, mai gyaran kofato duk bayan sati shida, da ƙarin harawa da hatsi, don dokin da yake gina tsoka ya fi na zaman turke ci. Wanda zai rage kuɗi ya rage a kayan ado.

1. Fara da duba lafiyarsa

Doki mai ciwo ba zai shigar da ƙafar baya ba ko da ka shekara kana koya masa. Ka cire sirdi, ka bi gadon bayansa da yatsu kana dannawa a hankali daga inda geza ta ƙare har kuturi. Idan ya lotsa baya, ko ya kwantar da kunne, ko ya kaɗa wutsiya da ƙarfi, akwai ciwo. Ka duba fararen gashi ko tabo a inda sirdi yake zama. Sirdunanmu na gargajiya katako ne a ciki, idan shimfiɗar ƙarƙashi ta mutu katakon yana zama kai tsaye a kan ƙashi. Bayan an ɗaure majayi kuma ka hau, ya kamata yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin gaban sirdi da tudun kafaɗa.

Sai baki. Ka ɗaga leɓe ka duba gefen baki, da harshe, da dadashin da linzami yake kwanciya a kai. Haƙoran doki na ciki suna yin kaifi su yanki kumatu, shi ya sa ake son likita ya goge su sau ɗaya a shekara. Sai kofato: idan gaban kofaton baya ya yi tsawo, dunduniya ta kwanta, dole dokin ya riƙa jan ƙafa. A ƙarshe ka sa wani ya ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, kai kana bayansa kana kallon kuturi. Ɓangarorin biyu su riƙa hawa da sauka daidai.

Gargaɗi: idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya faɗuwa, ko gaɓar ƙafar baya ta kumbura ko ta yi zafi, a nan aikinka ya tsaya sai likita ya gani. Dokin da bai cika shekara huɗu ba kuma ka tsaya da shi a mataki na 4. Ƙasusuwan gadon baya su ne na ƙarshe wajen ƙosawa, sai wajen shekara biyar da rabi zuwa shida.

2. Karanta sawunsa

Wannan shi ne ma'auninka, kuma kyauta ne. Ka share rairayi da tsintsiya, tsawon mita 10, ka ɗan yayyafa ruwa. A ja dokin ya bi ta kai da tafiyarsa ta yau da kullum, ba tare da an matsa masa ba. Sannan ka durƙusa ka duba. Sawun gaba ya fi faɗi da zagaye, na baya ya fi tsini. A tafiya, sawun baya ya kamata ya faɗa cikin na gaba na wannan ɓangaren, ko ya wuce shi. Idan yana faɗuwa a bayansa da tazarar tafin hannu, ka ga aikin da yake gabanka. Ka duba kuma ko akwai layi a ƙasa inda gaban kofato ya ja rairayi.

Wani dattijo da ya yi rayuwarsa a barga shi ya fara nuna mini wannan. Na kawo masa ƙarar wani akawal ɗina, baƙin doki, ina cewa taurin baki ne da shi, a nemo mini linzami mai harshe dogo. Bai ce komai ba, ya ja dokin ya bi ta gaban ɗakinsa inda aka yi shara da safe, ya nuna mini ƙasa da sandarsa. Ƙafar baya ta hagu tana faɗuwa cikin sawu, ta dama tana gazawa da kusan yatsu huɗu. Ya ce, "Yaro, kana neman ɓarawo a baki, ga shi nan a cinya." Na ce, "Baba, to ya za a yi?" Ya ce in sauka daga kansa sati biyu.

Ka ɗauki hoton sawun da waya, ka sake gwadawa duk bayan sati biyu a wuri ɗaya.

3. Aikin ƙasa, sati biyu na farko

Abu uku za ka koya masa kana tsaye, minti 10 zuwa 15 kullum.

Na farko, kauda kuturi. Ka tsaya daidai kafaɗarsa ta hagu, igiyar ragama a hannun hagu, ka ɗan karkato hancinsa wajenka. Da yatsun dama ka danna haƙarƙarinsa a bayan inda majayi yake zama, daidai inda dugaduginka zai taɓa idan ka hau. Kana so ƙafar baya ta hagu ta ɗaga ta gifta ta gaban ta dama. Da zarar ya yi taku ɗaya, cire hannu nan take, ka shafa wuyansa. Cire hannun shi ne ladansa, da shi yake gane ya yi daidai. Taku ɗaya ranar farko, uku bayan kwana uku, sannan ka koma dama. Idan ƙafar tana giftawa ta baya maimakon ta gaba, dokin yana ja da baya ne, ka sa shi ya ɗan matsa gaba kafin ka danna.

Na biyu, ja da baya. Ka fuskance shi, ka ɗan girgiza igiya ko ka taɓa ƙirjinsa. Doki mai lafiya yana ja da baya da ƙafafu bibbiyu a gicciye, gaban hagu tare da bayan dama. Taku uku ko huɗu sun isa, amma ya ɗaga ƙafa ya ajiye, kansa a ƙasa. Idan ya ɗaga kai yana jan kofato a rairayi, wannan bai ƙirgu ba.

Na uku, ɗaga ciki. Ka sa yatsu a tsakiyar cikinsa bayan majayi ka danna sama a hankali, kana ɗan sosawa. Za ka ga gadon bayansa ya kumburo sama. Ka riƙe daƙiƙa biyar, ka saki, sau huɗu ko biyar. Wannan tsokar ciki ita ce za ta ɗauke ka daga baya.

Gargaɗi: a duk ukun ka tsaya kusa da kafaɗa. Doki yana iya harbo ƙafar baya gaba har ta taɓa cikinsa, kamar yadda yake korar ƙuda, kuma ba ya sanarwa.

4. Kewayawa da doguwar igiya

Ka ɗaura igiya a ragama, ka tsaya a tsakiya, dokin ya kewaya ka a da'irar da faɗinta bai gaza mita 15 ba. Matsayinka daidai cinyarsa, bulala tana nuna ƙafar baya, ba a dukansa da ita. Ka zaɓi sauti ɗaya na tafi da sauti ɗaya na tsaya, kada ka sauya su har abada, don da su za ka yi amfani ranar zamiya, wato tsayawa daga gudu a kan ƙafafun baya.

Kada ka bar shi ya yi ta zagaye kawai. Amfanin yana cikin sauyawa: tafiya rabin da'ira, sassarfa da'ira ɗaya, komawa tafiya, tsayawa, sake tashi. Duk lokacin da ya tashi daga tafiya zuwa sassarfa dole ya tura da baya, duk lokacin da ya sauko dole ya tare nauyinsa da baya. Idonka a kan ƙafar baya ta ciki. Idan ka ga ya sauke wuya ya miƙa hanci gaba da ƙasa, yana huci ta hanci a hankali, ka yaba masa, bayansa ne ya saki.

Gargaɗi: minti 20 ne iyaka, rabi hagu rabi dama, don zagaye yana cin gaɓoɓi. Kada ka naɗe igiya a hannu, an sha rasa yatsa a haka. Kuma kada ka ɗaure kansa da majayi don wuya ya lanƙwasa. Wuyan zai lanƙwasa, a hoto ya yi kyau, ƙafafun baya suna can inda ka bar su.

5. Hawa: ya fara jin ƙafarka

Sati na uku ka hau, da linzamin mai gaɓa. Dokin da ya saba da linzamin gargajiya zai iya jin kamar an sake shi, don haka ka fara a wuri mai shinge. Ka ajiye ƙaimi a gida. Idan likkafarka irin mai faɗi ce mai kaifin gefe, ka nemi ta polo.

Darasin nan ɗaya ne: na matsa ƙafa, ka tafi. Ka zauna daidai, kamazuru a sake. Ka matsa ƙafafu biyu a hankali, sau ɗaya. Idan bai motsa ba cikin daƙiƙa biyu, ka taɓa shi da ƙaramar bulala sau ɗaya a bayan ƙafarka. Zai zabura gaba, wataƙila fiye da yadda kake so. Ka bar shi ya tafi, kada ka ja baki. Wannan ne wurin da mutane da yawa suke ɓata aiki: sun ce tafi da ƙafa, sun ce tsaya da hannu a lokaci guda, dokin ya rasa wanne zai bi, ya koyi yin biris da duka biyun. Bayan taku goma ka tsayar da shi a hankali, ka sake gwada matsi mai sauƙi. Da ya amsa, ƙafarka ta kwanta shiru a jikinsa. Mahayin da yake dukan haƙarƙari a kowane taku shi yake kashe jin dokinsa.

6. Sauya tafiya da rabin tsayawa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan za ka fi daɗewa, daga sati na huɗu har ƙarshe.

Ka fara da tafiya da tsayawa. Tsarin tsayawa kullum iri ɗaya ne, kuma hannu ne na ƙarshe. Ka miƙe zaune kamar an ja ka da zare daga tsakar kanka, ka ɗaure cikinka, ƙugunka ya daina bin motsin doki. Ƙafafunka su ɗan rungumi cikinsa don ƙafafun baya su ci gaba da shigowa. Ka yi sautin tsayawa. Sannan ka dunƙule yatsu a kan kamazuru, kamar mai matse soso, ba tare da hannu ya koma baya ba. Da ya tsaya, ka buɗe yatsu. Idan bai tsaya ba, ka saki ka sake matsewa, ka sake, maimakon ka riƙe ka yi ta ja. Doki ya fi ka ƙarfi nesa ba kusa ba, idan ka ba shi abin jingina zai jingina.

Ka ƙirga taku: goma a tafiya, tsaya, ƙirga uku, tafi. Idan wannan ya zauna, sai tafiya goma, sassarfa goma, tafiya goma. Bayan sati biyu ka rage zuwa shida-shida. Daga baya sai daga tsaye kai tsaye zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa tsaye. Ƙaramar sukuwa tana shigowa a ƙarshe, wajen sati na bakwai. A zama ɗaya na minti 30 za ka iya sauyawa sau 30 ko fiye, da hutu a tsakani inda za ka sake masa baki gaba ɗaya ya miƙe wuya.

Rabin tsayawa kuwa shi ne ka yi duk abin da kake yi na tsayawa, cikin taku ɗaya, amma kafin ya tsaya ka saki ka tura shi gaba. Kamar direba ne da ya taɓa birki kafin kwana. Dokin yana shirin tsayawa, sai ya shigo da ƙafafun baya ya ɗan zauna a kansu, kai kuma ka ce a ci gaba, sai ya ci gaba a wannan zaman. Ka yi shi kafin kowace kwana, kafin kowane sauyi, da duk lokacin da ka ji ya fara nauyi a hannu. Sakin shi ne rabin da ya fi muhimmanci. In babu saki, ja ne kawai.

Ta yaya za ka san ya samu? Za ka ji sirdi ya cika a ƙarƙashinka, kamar dokin ya ƙara faɗi. Kamazuru zai yi sauƙi amma bai zama sako-sako ba. Ƙarar kofato za ta ragu, dokin da yake dukan ƙasa da gaba ana jin zuwansa daga nesa. Wutsiya za ta riƙa lilo a hankali, yana taunar linzami shiru da ɗan kumfa a leɓe. Ranar da na fara jin haka a kan akawal ɗin nan taku biyar kacal ya yi, ya koma halinsa. Na sauka na kwance majayi, na ba shi hutun ranar.

Gargaɗi: haɓar da ta manne a ƙirji ba alamar nasara ba ce. Dokin ya ɓuya ne a bayan linzami don gudun zafi, kuma gyara wannan ya fi gyara mai ɗaga kai wuya. Hanci ya kasance daidai ƙarƙashin goshi ko ɗan gaba kaɗan. Idan ya naɗe wuya, ka miƙa hannu gaba ka ƙara ƙafa. Haka kuma sauri daban, shigar ƙafa daban. Dokin da yake gaggawa da gajerun taku faɗuwa gaba yake yi.

7. Da'ira da tafiyar kaguwa

A da'ira ƙafar baya ta ciki ce take ɗaukar kaya, shi ya sa ake gina ƙafafun ɗaya bayan ɗaya a nan. Ka zana da'ira mai faɗin mita 20 da toka. A tafiya, ka riƙa tsuke ta a hankali har ta koma mita 12, sannan ka tura dokin waje da ƙafarka ta ciki har ya koma babbar da'irar, yana tafiya gaba da gefe lokaci guda. Abin da ka koya masa da yatsu a mataki na 3 shi ne yake dawo maka yanzu. Ka danna daidai lokacin da cikinsa ya kauce daga ƙafarka, don a lokacin ne ƙafar baya ta wannan ɓangaren take sama, kuma sai tana sama take iya sauya inda za ta sauka.

Idan wannan ya yi kyau a tafiya da sassarfa, sai shigar da kafaɗa. Kana bin gefen shinge, ka shigo da kafaɗun dokin ciki kaɗan kamar za ka fara da'ira, amma ƙafarka ta ciki ta ce a ci gaba da bin shingen. Wanda ya tsaya a gabanku zai ga layi uku na ƙafafu maimakon biyu. Taku huɗu zuwa shida, ka miƙe. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan kamazurun ciki, sai wuya kaɗai ya lanƙwaso, kafaɗa tana inda take. Ya isa ka hango gefen idonsa na ciki.

Kowane doki yana da ɓangaren da ya fi masa wuya, kamar yadda mutum yake da dama da hagu. Ka fara da mai sauƙin, ka ɗan fi daɗewa a mai wuyar, ka rufe da mai sauƙin.

8. Sanduna da tudu

Sau biyu a sati. Ka fara da sanda ɗaya a ƙasa, sannan uku. Kada ka ajiye biyu, wasu dawakin suna ɗauka tsalle ake so su haɗa su su tsallake. Tazara a tafiya santimita 80 zuwa 90, a sassarfa mita 1.2 zuwa 1.3. Ɗan Arewa mai gajeren taku ka rage masa kamar santimita 10, dogon ɗan Sudan ko ɗan Ajantina ya fi son ta sama. Sawunsa ya faɗa tsakiyar sanduna biyu, in ba haka ba ka gyara tazarar. Bayan sati uku ka ɗaga gefe ɗaya na kowace sanda a kan bulo, ka tokare ta don kada ta gangara ƙarƙashin kofato.

Tudu kuwa babu abin da ya kai shi gina cinya. Ba Dala ko Kufena nake nufi ba, gangaren bakin rafi ko na tsohon kududdufi da ya bushe ya wadatar, muddin babu duwatsu. Ka hau a miƙe, da tafiya, ka ɗan ɗaga nauyinka daga bayansa. Zai so ya sukwane tudun saboda ya fi masa sauƙi ya tura da ƙafa biyu tare, kada ka yarda. A tafiya kowace ƙafa ita kaɗai take ɗaga ku. Saukowa ma aiki ne: a miƙe, a hankali, da rabin tsayawa duk bayan taku uku. Sau uku a satin farko, ka kai shida a hankali.

Gargaɗi: rairayi mai zurfi da kofato yake nutsewa gaba ɗaya yana jan jijiya. Laka da damina kuma santsi.

9. Ja da baya a kan sirdi

Daga tsayuwa mai kyau, ka ɗan rage nauyinka a sirdi, ka matsar da ƙafafu baya kaɗan ka matsa, yatsu a rufe. Dokin zai yi niyyar gaba, ya tarar ƙofa a rufe, ya mayar da takun baya. Taku biyu, ka saki, ka tura shi gaba nan take da sassarfa. Wannan tashin daga ja da baya shi ne ribar, don ƙafafun suna can ƙarƙashinsa lokacin da ka ce tafi. Kada ya wuce taku huɗu, kada ya wuce sau huɗu a rana.

Gargaɗi: idan ka ji gabansa yana sauƙi kamar zai miƙe tsaye da ƙafa biyu, ka saki baki ka tura shi gaba a da'ira. Na san samari suna son dokin da yake miƙewa, 'yan kallo suna shewa. Dokin da ya koyi hakan a matsayin hanyar gudun linzami wata rana zai kifo ta baya da mahayinsa a ƙarƙashi.

Tsarin sati da ciyarwa

Kwana huɗu ko biyar na aiki, ɗaya na kilisa a sake, ɗaya hutu. Kada ranar tudu da ranar sanduna su biyo juna. Kowane zama ya fara da tafiya minti 10 ya ƙare da tafiya minti 10. Da bazara, bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Doki mai kilo 350 yana bukatar busasshiyar ciyawa da harawa wajen kilo 6 zuwa 7 a rana kafin a zo maganar dawa da dusa, da gishiri ko kanwa kaɗan, da ruwa a gabansa kullum. Kada ka hau sai an yi aƙalla awa ɗaya da cin hatsi. Dokin da yake kwana ya wuni a tarnaƙi kuma, duk abin da ka gina da safe yana sandarewa kafin yamma. Ka nema masa inda zai yi yawo a sake ko na awa biyu ne.

10. Zamiya

Sai bayan sati goma zuwa goma sha biyu, kuma sai dokin ya haura shekara biyar, yana tsayawa daga sassarfa da zamanka da muryarka kafin hannu ya kai ga aiki. Ka nemi ƙasa mai tauri a ƙarƙashi da ɗan rairayi a sama, kamar kaurin yatsu biyu. Ka fara daga ƙaramar sukuwa a miƙe. Rabin tsayawa biyu don ya tattara kansa, sannan ka zauna sosai, ƙafafunka a jikinsa, sautin tsayawa, yatsu su rufe, ka saki da zarar ya tsaya. Ka bar shi a tsaye ya huta rabin minti kafin ka juya. Gudu ana ƙara shi kaɗan-kaɗan cikin makonni, kuma kada ka riƙa tsayar da shi a wuri ɗaya kullum, zai fara taka birki da kansa tun kafin ku iso.

Ka sauka ka duba ƙasa. Zamiya mai kyau tana barin layi biyu a jere, na ƙafafun baya, tsawonsu ɗaya. Idan ramuka biyu ka gani masu zurfi na ƙafafun gaba, da baki ka tsayar da shi, ka koma mataki na 6 na sati biyu. Idan layi ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya ce take aikin, ka koma na 7.

Gargaɗi: sau biyu ko uku a zama ɗaya, kwana biyu a sati, shi ke nan. Ba a gwada ta a kan kwalta. Ranar hawa idan za ka mayar masa da linzamin gargajiya saboda kayan ado, ka sa masa shi kwana uku kafin ranar, ka riƙe shi da yatsu biyu, don yanzu bakinsa ya warke kuma yana jin abin da da ba ya ji. Washegarin kowace zamiya, kafin a ba shi abinci, ka shafa gaɓoɓin ƙafafun baya da jijiyoyin da tafin hannu, hagu da dama, ka gwada ɗuminsu. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi ko ta cika, ka zuba mata ruwan sanyi minti 15, ka ajiye sirdi, ka kira likita.